Rota a Aljihun Kawu

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a gidan kawuna da ke Zongon Lome, zamanin da jam'iyya ɗaya ke mulkin ƙasar. Mu uku ne a tsakar gida: ni, da kawu, da matarsa da muke kira Inna. Sai ga wani jandarma, ɗan sandan soja, ya yi sallama ya shigo, ya bar abokan aikinsa biyu a bakin ƙofa.

Kawu tsohon sojan Faransa ne, direba kuma makaniki. Da ya bar aiki sai ya shiga sayen matattun motocin jif na soja da aka yi gwanjonsu, har ya tara uku a gefen tsakar gida. Biyu ya yi ta cire musu kaya har suka zama kwarangwal, kaji na saka ƙwai a ciki. Ta ukun kuwa ya tashe ta, ya mayar da ita yadda ya san ta a bariki: koren fenti, jarka a baya, shebur ɗaure a gefe. A wancan lokaci ba ƙaramar magana ba ce a sami motar soja mai tafiya a gidan farar hula. Wani ya kai rahoto. Jandarman bai ɓoye mana ba: in motar ta tashi, da ita da mai ita za su bi shi, in kuwa tsohon ƙarfe ce, ya koma ya faɗi haka.

Motar tana tashi, ni kaina na ji kukanta ana jibi za su zo. Amma akwai wata al'ada da kawu ya taho da ita daga soja. Duk sanda ya kashe mota sai ya buɗe murfin inji ya cire rota, wani ɗan baƙin abu da bai wuce babban yatsa ba, wanda ke raba wa fulogi wuta. In babu shi mota ba ta tashi. Haka aka koya musu don kada abokan gaba su sace mota. A aljihun dama na rigarsa yake ajiye shi, tare da goro. Ni da Inna duk mun san haka.

Jandarman ya hau motar, ya kunna. Inji ya yi gurnani ya yi shiru. Ya sake, ya kuma sakewa. Ya sauko yana karkaɗe wando. Mutumin arewa ne, yana jin Hausar kasuwa.

"Baba, wannan ce aka ce mana motar yaƙi? Ai gara ka bar wa kajin nan ita, su ma su ƙara ɗaki."

Na kusa yin dariya don sauƙin da na ji. Da na dubi kawu sai dariyar ta koma ciki.

"Ka ce kai makanikin soja ne?" in ji jandarman. "To lalle sojojin zamaninku sun sha tafiya a ƙasa."

Na bakin ƙofa suka yi dariya. Na ga hannun kawu na dama ya shige aljihu, ya kuma taka zuwa wajen murfin inji. Shekaru ya yi yana kwanciya ƙarƙashin motar nan, a gabana ya taɓa yanka takalmin roba ya yi mata abin toshe mai. Na san abin da zai yi, na kuma kasa buɗe baki, don duk abin da na faɗa jandarman zai ji.

Inna ce ta sha gabansa da kwanon sha cike da ruwan randa.

"Malam, baƙo ya shigo gidanka tun ɗazu, ko ruwa ba ka miƙa masa ba. Ungo, ba shi."

Kawu ya miƙo hagu. Ta janye kwanon.

"Da hagun za ka ba shi? Yau kuma?"

Ya dube ta, ta dube shi. A hankali ya zaro hannun dama, babu komai a ciki, ya karɓi kwanon ya miƙa. Jandarman ya sha ya yi godiya, ya ba da shawara a canza fentin don gudun surutun mutane, suka tafi.

Inna ta zauna a kan turmi. Ni kuwa sai a lokacin na lura rigata ta jiƙe da gumi. Kawu ya tsaya yana kallon ƙofa.

"Yaron nan ko riƙe sitiyari bai iya ba," in ji shi.

"Bai iya ba, Malam," in ji Inna. "Zo ka ci abinci."

Sati bai zagayo ba aka shafe motar da shuɗin fenti, aka kwance shebur. Ta yi shekaru tana kai buhunan goro Kodjoviakopé, bakin iyakar Ghana, kullum kuwa in an dawo kawu na cire rota.