Kaciyar da Ba Mu Gada Ba

Shekara hamsin da ɗoriya ina haɗiye maganar nan. Yau zan amayar da ita, mai jin kunya ya kauda kai.

Sunana Hajo. A wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Hajj Abdalla, can nesa da ƙasar Hausa, aka haife ni. Mu ba mu gaji kaciyar fir'auna ba, wadda ake yanke ɗiya a ɗinke. Amma duk ranar da muka je tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, ɗibar ruwa, sai matan maƙwabtanmu da ba Hausawa ba su ce mu ƙazamai ne, sallarmu ba ta karɓuwa. Gorin nan ya ci Innata ya cinye.

Babana malami ne. Ya ce mata, "Na duba littafi, babu wannan a addini. Kar ki taɓa min ɗiya."

Sai ta jira ya tafi tsintar auduga. Ina shekara takwas.

Mata huɗu suka danne ni. Ungozoma ta yi aikinta da reza, ta ɗinke, aka ɗaure min ƙafafu da tsumma.

Kwana na biyu fitsari ya koma ɗigo-ɗigo. Na uku marata ta kumbura kamar gora. Na huɗu ga zazzaɓi, ga wari.

Inna ta ƙi kai ni asibiti. Hukuma ta hana aikin, ita kuma Inna tana tsoron a kama ungozomar. Garin bagaruwa aka yi ta barbaɗa min.

Baba ya dawo kwana na biyar. Ya ga halin da nake ciki. Ya sayar da akuyarmu, ya saɓa ni a kafaɗa har bakin titi, muka hau lori zuwa asibitin birnin Madani.

Likita ya warware ɗinkin, ya sa min robar fitsari. Ya dubi Baba ya ce, "Ya Haj, da kun ƙara kwana, likkafani za ku saya." Allura safe da yamma. Wankin ciwo kullum, ina ihu har muryata ta dushe. Na ɗauka mutuwa zan yi, kuma wallahi na roƙe ta.

Bayan mako biyar aka sallame ni.

Na warke, amma tabon ya biyo ni ɗakin aure. Haihuwa huɗu na yi, uku suka maƙale a hanya. Ɗiya ɗaya ta rayu.

Na daɗe ina jin haushin Inna. A ciwon ajalinta ta kama hannuna ta ce, "Hajo, so na yi a daina zaginki." Na yafe mata, ina kuka.

Na gode wa Allah. Allah ya jiƙan Babana, ya saka wa likitan nan da ko sunansa ban sani ba.

'Yan'uwana mata, kar ku yanke 'ya'yanku. In an riga an yi, yarinya ta kasa fitsari ko jikinta ya yi zafi, asibiti a ranar. Kar ku rufa wa mai reza asiri. Wadda ta yanke ni ta tsufa cikin jikokinta. Ni 'ya'yana uku suna ƙasa, ko suna ba a raɗa musu ba.