Lamba Ɗaya a Fankar Kwatas

Lamba biyar ce a jikin makunnin fankar ɗakinmu, amma ita abu biyu kawai ta sani: ko ta tsaya cik, ko ta tashi da gudu kamar za ta ɗage rufi. Tsohuwa ce tun ta zamanin Turawa, daga wani ofis a Kano aka kwaso ta lokacin da aka gina mana kwatas na ma'aikatan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Aikina a shekarun nan, bayan canjin kuɗi da kaɗan, buɗe ƙofofin ruwa ne da rufe su. In fita da asuba a kan keke, in dawo bayan azahar ƙafa duk taɓo, kunne cike da ƙorafin manoma, kowa na rantsuwa tumatirinsa ne ya fi jin ƙishirwa. Wa yake da ƙarfin kula fanka? Mun bar ta da halinta.

Sai Baba ya kwanta da ciwon ƙirji cikin bazara. Na je ƙauyenmu, can bayan Madobi, na ɗauko shi da ƙyar da jiɓin goshi. Malamin asibitin ma'aikata ya ce allura ce kullum da safe, har kwana goma, kuma ya ja min kunne: in aka yanke ta a tsakiya, ciwon zai dawo da ƙarfin da ya fi na da. A ƙauyenmu kuwa babu mai yin allura.

Ni ne ɗan farinsa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunana ba, bai kuma taɓa kallona ido cikin ido ba. In zai yi min magana sai ya fuskanci bango, ya ce, "A gaya wa mutumin nan kaza," ko da mu biyu ne kaɗai a wurin. Haka na tashi na gani, ban ɗauke shi komai ba.

Muka bar masa ɗakin da fankar take, ni da matata muka koma falo. Rufin kwano ne, in rana ta take ko numfashi sai mutum ya yi da gaske. In an kashe fankar, Baba ya jiƙe sharkaf da gumi yana haki. In an kunna, ta dinga kaɗa shi har tarin ya sarƙe shi. Ran allura ta huɗu ya juya ga bango ya ce, "A gaya wa mutumin nan iskar ƙarfen nan tana shiga min ƙashi. Gida zan tafi, ko ba komai akwai inuwar ɗorawa."

Wallahi ranar na gaji, gajiyar da ko abinci ba ya shiga. Amma na ce masa ya yi haƙuri, zan gyara ta ta dinga tafiya a hankali. Na je neman mai gyaran wutar kwatas, aka ce an tura shi wajen madatsar ruwa, sai wani mako. Na dawo na ari sukundireba, na taka kujera.

Makunnin akwati ne na ƙarfe a jikin bango, mai tsaga-tsaga, da ɗan abin murɗawa a tsakiya. Ina kwance murfin sai busasshiyar laka ta zubo min a fuska. Ashe zanzaro ne ya yi gida a ciki, ba ɗaki ɗaya ba, unguwa guda! Da na kakkaɓe na ga yadda abin yake: wani harshe na tagulla ne yake yawo a kan ƙusoshi biyar, kowace ƙusa da wayarta zuwa wani curin waya. Harshen ya lanƙwashe, ƙusoshin sun yi kore da tsatsa, kuma wani gwani da ya riga ni ya ƙulle wayoyin duka a kan ta biyar don ya huta. Na tsine masa a zuciyata, sannan na nemi gafara.

Sai na ga ai wannan aikina ne. Ƙofar ruwa ce: a buɗe kaɗan, ya zo kaɗan. Abin da ban iya ba shi ne gane wace waya ce ta wace ƙusa. Don haka sai in fita waje in zare fis wutar gidan ta ɗauke, in dawo in hau kujera in ɗaura, in sauka in fita in mayar da fis, in dawo in murɗa. Ta ƙi. In sake. Yamma biyu ina wannan zirga-zirgar bayan na taso daga aiki, wuya ya ƙage, yatsu sun yi jini wajen goge tsatsa da toka. Baba yana kwance fuska ga bango, ya naɗe ƙunshin kayansa ya ajiye a gefen gado, inda zan gani.

Matata ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malam, ka bar wa mai ita mana. Gwanin ruwa ai ba gwanin wuta ba ne."

Na ce, "Mai ita sai wani mako. Baba zai kai wani mako a nan?"

Ta kauce ta ba ni hanya.

Rana ta uku ƙafafuna suka ce ba za su ƙara fita wajen fis ɗin nan ba. Na murɗa makunnin na kashe, na ce ai na rufe ƙofa. A wurin aiki, in ka rufe ƙofa sai ka sauka ƙasa ka yi abin da za ka yi, ba ɗigon da zai same ka. Na manta cewa a ta saman ƙofar nake tsaye, inda ruwan yake cike. Na kai hannu kan wayar da take shigowa.

Abin da na sani, wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har haƙori, kujera ta goce, na faɗo da baya kaina ya daki ƙafar gado. Cikin wannan jirin na ji an ƙwala min kira. Sunana na yanka, sau biyu, da muryar da ta fashe. Da na buɗe ido Baba yana durƙushe a kaina, mutumin da sai an kama shi yake tashi zaune, hannunsa a kan ƙirjina, yana kallona ido cikin ido. Matata tana bakin ƙofa riƙe da kwanon kunu, ta ji komai.

Da ya ga na motsa sai ya janye hannunsa a hankali. Ya ga surukarsa. Ya rarrafa ya koma gado ya juya ga bango.

Abin takaici, wannan ɗaurin shi ne daidai. Na fita na zare fis, na ƙarasa, na mayar da murfi. Na murɗa lamba ɗaya, fankar ta fara juyawa sannu sannu, har kana iya ƙirga fukafukanta. Iska mai laushi, irin wadda nake nema kwana uku. Na ce, "Baba, ta gyaru." Bai juyo ba.

Washegari na taso da wuri don in raka shi allura ta bakwai, na tarar da shi a ƙofar gida da sandarsa da ƙunshinsa. Na roƙe shi. Na durƙusa a gaban maƙwabta na roƙe shi, na ce saura huɗu tak. Matata ta yi kuka ta ce ita ba ta ji komai ba jiya, wannan kuwa ya ƙara ɓata lamarin. Ya dubi gefe ya ce, "A gaya wa mutumin nan na gode. Kuma kada ya ƙara sa hannu a wayar nan."

Na goya shi a keke zuwa bakin titi na sa shi a mota. Bai ga damina ba.

Na yi shekara shida a kwatas ɗin nan bayan haka, makunnin bai sake ɓaci ba. Baƙi in sun zo su yaba, su tambayi wanda ya gyara. Nakan ce wani ne. Har yau ina jin haushin kaina, ina jin haushinsa, kuma na gaji da duka biyun. Da na yi taku goman nan zuwa wajen fis, da ya ƙarasa allurarsa. Da kuma na mutu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.