Zuciyar da na gani cikin ƙwai

Jiya jikata ta fasa ƙwai, na ga ɗigon jini a ciki, sai na tuna baya.

Farkon samun 'yancin kai, ƙanen mijina Isufu ya zo Gaya hutu daga Faransa, inda yake zurfafa karatu a asibitin yara kan yadda ɗa ke ƙulluwa a mahaifa. Ina da cikin fari, ban faɗa wa kowa ba.

Ya ɗauko ƙwai daga ƙarƙashin kaza mai kwanci, ya ɓare samansa, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Wani jan ɗigo yana bugawa.

"Matar yaya, zuciya ce. Haka na cikinki yake yanzu."

"Wa ya ce maka ina da ciki?"

Ya yi dariya. Muna kallo, ɗigon ya tsaya cak.

A wajenmu, maye ne ke ganin cikin mutum. Har na haihu ina kwana dafe da cikina.

Ranar suna Isufu, da ya sake zuwa gida, ya ce yawan tofar da yawuna ne ya tona ni.

Ku fa, wane ilimi ya taɓa tsorata ku?