Siniyar Juma'a da Sarakunan Ingila

Shekara takwas ke nan da muka kai yayana, Ustaz Sa'idu, makwancinsa a nan Jidda. Bana na ga ya kamata in ce wani abu a kansa, don a watan jiya saura ƙiris abin da ya fi so a duniya ya bi shi.

Malamin tarihi ne a Sudan kafin neman abinci ya kawo mu nan. Ni na kama tuƙin mota a unguwar Abhur, shi ya zauna wani ofishi a unguwar Bagdadiyya yana fassara takardu. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ko kukan tsadar tumatir ka kawo masa, sai ya ja ka zuwa Ingila ta ƙarni na sha shida. Nakan ce, "Yaya, mutanen nan sun mutu, ka bar su su huta." Sai ya ce ai shi ya sa suke da daɗin koyarwa, ba sa musu.

Tun ina jin haushi har na haddace. Akwai sarkin da ya ɓata da Fafaroma a kan maganar aure, ya rufe gidajen ibadar da malaman Kirista ke zaune, ya kwashe gonakinsu. Da baitulmali ya rame, ya sa aka gauraya azurfar kuɗi da jan ƙarfe, har hancin sarki ya riƙa yin ja a jikin kwabo, kaya kuwa suka yi tashin gwauron zabi. Masu hali suka kewaye makiyayar gari da shinge don tumakinsu. 'Ya'yan sarkin uku suka hau gadon bi da bi, kowa da irin ibadar da ya ce a yi, har tsoho a ƙauye ya rasa wace addu'a ce za ta kai shi gaban alƙali. Amma abin da ke ci wa Yaya rai shi ne ƙofofin gidajen ibadar nan. A can matafiyi da gajiyayye ke samun gurasa da miya, kuma da aka zo ƙidayar gonaki da darmar rufi, babu wanda ya ƙidaya wannan.

Shi ya sa gidansa a unguwar Mahjar ba ya rabo da siniyar Juma'a, wato babban farantin abinci na sadaka. Ana saukowa daga masallaci, matarsa Hajja Zainabu za ta fito da asida, tuwon mutanen Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa, a ajiye a bakin ƙofa. Doka biyu ce. Ba a tambayar mutum maganar iƙama, wato takardar zama, ko kafilin da ya tsaya masa, kuma ba a kawo gardamar ƙabalu da sadalu. Na sha ganin mutum biyu da ba sa bin juna salla suna miƙa wa juna barkono.

Yau fa? Iyalin sun koma shiƙƙa, wato ɗan sashen haya, a hawa na uku. Gwiwoyin Hajja sun ƙi, kaya sun yi tsada, mai gidan hayar kuma ya fara ƙorafin takalma a matakala. Ɗansa Khalid, haifaffen nan, wanda Hausarsa ke ɗingishi, ya tara mu ya ce, "Halas ya Ammi, shi ke nan Baffa, a bar siniya. Sadaka yanzu fil jawwal ake yi, a waya, ka danna ta tafi." Na so in yi musu, amma yaron bai faɗi ƙarya ba, kuma ba ni ke tuƙa asidar ba. Na yi ta tunanin me Yaya zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai dai tambaya, cikin sanyin nan nasa, ko wayar tana cewa mutum ya gyara zama ya ƙara loma.

Aka daina. Juma'ar da ta biyo, muna zaune bayan salla, aka ƙwanƙwasa. Malam Bukari ne, wani tsohon ɗan dako da ya shekara da shekaru yana cin siniyar nan. Ya hau matakalar yana haki, riƙe da ledar gurasa da kwanon dafaffen waken ful. Ya ce da Khalid, "Ɗana, na ji an ɗauke siniya, na ce lalle gidan Ustaz ya shiga matsi. Ga wannan, ba yawa, a ba Hajja."

Khalid ya karɓa, ya shigo da shi ciki. Ni kam hawaye na yi, ba na ɓoyewa. Muka shimfiɗa tabarma muka cinye ful ɗin nan tas.

Yayana bai bar gida ba, bai bar gona ba, littattafansa ma zafin Jidda ya cinye rabinsu. Abin da ya bari shi ne mutanen da, in suka ga ƙofarsa a rufe, ba sa cewa an yi rowa, sai su ce an shiga wahala. Allah Ya yalwata masa kabarinsa yadda ya yalwata wa mutane. Siniya ta dawo, ƙarama, a ƙasan bene, kuma Khalid ne ke tuƙa asidar da kansa, Hajja na ba shi umarni daga kan kujera. Asidarsa duk gudaji ce. Har yau babu wanda ya bar ko loma.