Alhaji Mai Sayen Sarƙar Inji

Kwan fitila Ghali ya zo saye a kasuwar kayan ƙarfe ta Guangzhou, amma wani Bakano ya ɗauke masa hankali. Ƙato ne, babbar rigarsa sharkaf da gumi, ga zobba a hannun da ko reshe bai taɓa karyawa ba. An shimfiɗa masa sarƙoƙin injin yankan itace iri biyu, yana ɗagawa da yatsu kamar mai zaɓen sarƙar lefe.

'Yar Chinan mai shagon tana ta kwatance da hannu: mai haƙora masu tsini tana cin itace da sauri amma ƙasa na dakusar da ita, mai dunƙulallun haƙora kuwa sannu take yi, sai dai tana jimawa. Alhaji na gyaɗa kai kamar a daji aka yanke masa cibiya. Ghali zai iya rantsewa masu riƙe injin suna can gida, ko sunan ɗayansu Alhaji bai sani ba.

"Laoban," in ji Alhaji, wato mai shago, yana saran iska, "ba wadda ta fi wannan sauri?"

"Meyo," ta ce, wato babu.

Ya waiwayo ya ga Ghali. "Ɗan'uwa, ce mata ta ɗaure min mai tsinin. Kafin damina nake son dajin ya kwanta."

Yana fita rana ta dake shi, sai ya ruga gindin wata ƙatuwar bishiya a bakin titi, yana fifita da hula.

"Kai, Allah ya ba mutanen nan inuwa," ya ce. "Mu ko laifin me muka yi?"