Zabuwar Inna a Kan Rufin Otal

Ni 'yar Tsafe ce, an kai ni aure Bungudu shekara biyu bayan an ba mu jiha. Maigidana malamin firamare ne, ni ma Malam nake ce masa kamar kowa. Gidansu babban gida ne na manoma, ɗakinmu kuma yana jingine da na mahaifiyarsa, Inna. In ta yi tari muna ji, in mun yi dariya tana ji. Tuwonsa a zaure yake ci da 'yan'uwansa maza, ni kuma cikin matan gida. Ba wanda ya takura mini, haka gidan yake tun kafin a haife ni.

Sai dai ni da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda ake kawowa daga Kano muna karɓar haya. Har cikin akwatin aurena na zo da wasu, a ƙarƙashin zannuwa. A cikinsu ango yakan ɗauki amarya su tafi birni, su sauka a otal mai labule har ƙasa, a kawo musu lemo mai sanyi, su rufe ƙofa. Abin da nake so ke nan: kwana biyu da mijina a ɗakin da ba wanda zai yi mana sallama. Da na gaya wa Malam ya yi dariya har ya toshe baki da matashi. Bayan sati guda shi da kansa ya dawo da maganar.

Lokacin zuwana ganin gida ya yi, ga kuma hutun makaranta. Hanyar Bungudu zuwa Tsafe ta cikin Gusau ta ratsa, kuma gidajen biyu ba mai tarho. Muka shirya mu bar Bungudu ranar Alhamis, a aika wa Tsafe cewa muna tafe ranar Asabar, kwana biyun da ke tsakani mu yi su a Gusau.

Abin da ya ba mu wuya shi ne unguwa. A wurinmu, mutum ya sauka a otal a garin da yake da dangi, kamar ya ce musu ba su isa ba ne. Malam kuwa dangi gare shi ko'ina a Gusau. Muka dinga bin unguwannin ɗaya bayan ɗaya, da raɗa. Tudun Wada akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, don haka ko ta bakin titinta ba za mu bi ba. Kanwuri akwai abokan babansa. Sabon Gari otal sun fi yawa, amma ya ce ba zai kai matarsa inda ake sayar da giya ba. Kusa da kasuwa ma ba dama, masu sayar da kaji rabinsu mutanen Furfuri ne, dangin Inna. Ni na ce ina son ɗaki mai taga da ke kallon ruwa. Ya ce ruwan da zai iya yi mini alkawari shi ne na famfo, shi ma in an kawo.

Ranar da ya je Gusau karɓar albashi ya zagaya neman ɗaki. Manyan wuraren duk ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato sun cika su. A ƙarshe ya samu wani ƙaramin masauki a bayan GRA, a wani layi mai itatuwan dogon yaro, inda ya ce ko akuyar Bungudu ba ta taɓa bi ba.

Abu ɗaya muka manta da shi. Ba a zuwa gidan surukai hannu biyu. Da safiyar Alhamis, na yafa mayafi ke nan, sai ga Inna da zabi biyu an ɗaure musu ƙafafu da tsumma, da kwalbar man shanu.

"Waɗanga na Alhaji ne," in ji ta, tana nufin mahaifina. "Ki ce mishi ni na kiwata su da hannuna."

Na durƙusa na karɓa na yi godiya. Na dubi Malam, shi kuma ya dubi ƙasa.

Mun isa masaukin da hantsi. Mai kula da wurin wani dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dube ni, ya dubi Malam, ya tambaye shi ko matarsa ce. Kafin Malam ya amsa, zabuwar da ke hannunsa ta tsala kuka. Dattijon ya miƙo mabuɗi.

"Bar shi, Malam, na yarda. Ban taɓa ganin wanda ya zo yawon banza da zabi ba. Amma ba za su shiga ɗaki ba, ku kai su baya wajen famfo."

Ɗakin bai kai na littafi ba. Labulen ya tsaya a rabin bango, fankar tana juyawa tana ƙara, tagar kuma katangar maƙwabta take kallo. Amma ƙofar tana da sakata, na sa ta na cire, na sake sawa. Malam ya fita sallar azahar, ya ce zai taho mana da lemo da tsire.

Yana fita na leƙa wajen zabin. Suna kwance a gefe guda cikin rana, baki buɗe. Na tuna har Asabar za su kai a haka, sai tausayi ya kama ni. A gidanmu na Tsafe mahaifina ɗan kasuwa ne, kaji kawai muke da su, kaza kuwa in ka kwance ta sai ta tsaya tana tsattsaga. Na zuba ruwa a murfin kwano, na kwance ta farko don ta sha. Ko kallon ruwan ba ta yi ba. Ta yi taku biyu, ta buɗe fiffike, sai ga ta a kan rufin kwano.

Malam ya dawo ya same ni tsaye da tsumma a hannu.

"Ba a kwance zabo sai an fige mishi fiffike," ya ce. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ledar tsiren a kan taga, ya naɗe ƙafar wando.

Na ce mu bar ta, mu sayi wata. Ya ce a ina, wurin mutanen Furfuri? In kuma muka kai guda ɗaya, ranar da Alhaji ya aiko da godiya Inna za ta ji lissafi bai cika ba.

Ya hau katanga, zabuwar ta koma rufin maƙwabta. Ya sauka ya zagaya, ta haye dogon yaro tana kuka kamar ana yanka ta. Layin da aka ce ba kowa, sai ga masu gadi, ga mai wanki, ga masu kabu-kabu sun kashe babura suna ba da shawara. Wani ya ce a watsa gero, wani ya ce a bari sai magariba ta yi. Daga ƙarshe mai wanki ne ya jefa mata jiƙaƙƙen zanen gado ta faɗo. Ana cikin yi wa Malam barka, wani ɗan kabu-kabu ya cire hula ya gaishe shi.

"Malam, ashe kana gari? Ka koyar da ƙanena."

Malam ya amsa gaisuwar, ya tambayi mutanen gida. Muna kallo ya tayar da babur ya nufi Tudun Wada.

Bayan la'asar dattijon ya ƙwanƙwasa ya ce muna da baƙuwa. Gwaggo ce, tana zaune a kan benci a baranda, ta ƙi shiga ciki. Doguwa ce, ta haura sittin, ta naɗe hannuwa cikin mayafi. Muka durƙusa.

"Mutuwa na yi ba a gaya mini ba?" ta tambayi Malam.

"Allah shi ba ki haƙuri, Gwaggo."

"Haƙurin mi? Ɗan wana ya shigo Gusau da amarya, ya kai ta ɗakin haya kamar marar kowa. Gobe in an tambaye ni a gidan biki, in ce mi? Ku ɗauko kayanku."

Malam ya miƙe zai ɗauko. Na san ba zai iya yi mata musu ba, ita ta goya shi. Na kuma san abin da ke jiranmu a can: ni a ɗakinta tare da jikoki, shi a shagon samari. Amarya ba ta magana a irin wannan wuri, amma na ji bakina ya buɗe.

"Gwaggo, ni na roƙe shi. Tun da aka kai ni, ban taɓa zama da shi mun yi hira da muryarmu ta gaskiya ba. Kullum da raɗa."

Ta juyo ta dube ni sosai, kamar yanzu ta fara ganina.

"Ke ce mai karance-karancen nan?"

Na ce ni ce.

"An gaya mini." Ta kalli titi. "Ɗakin da aka ba ku a Bungudu, ba shi ne na jikin na uwarku ba? Nan aka fara sa ta ita ma, tsohuwarmu na gefe. Shekara ta yi ba a ji muryarta ba, muka ɗauka miskila ce."

Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Yau dai, duk wanda ya tambaya, a gidana kuke. Gobe kafin sallar Juma'a ina son ganinku da kayanku, kuma can za ku kwana, mutane su gan ku suna fitowa daga ƙofata. Kawo zabin nan, kafin ku tara mini sauran garin."

Ta sa aka ɗaura su a bayan babur ɗin da ya kawo ta. Bayan magariba ɗan kabu-kabun ya dawo da kwanon tuwon dawa da miyar kuka, ya ce Gwaggo ta ce abincin otal ba abinci ba ne.

Kwana ɗaya muka samu maimakon biyu. Lemon ya huce, tsiren ya sandare, wuta ma ta ɗauke aka kawo mana fitilar ƙwai. Muka ci tuwon Gwaggo, muka yi ta hira. A ranar na san cewa Malam yana iya kwaikwayon muryar kowa a gidansu, har da ta Inna in tana kiran awaki, kuma dariyarsa tana da ƙarfi ƙwarai.

Washegari muka koma Tudun Wada kamar yadda ta ce. Aka kai Malam shago, ni aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta. Da yamma ina taya ta tsinke zogale, ta leƙa ta ga ba kowa kusa, ta matso.

"Ke, da gaske ne wai makewayin a cikin ɗakin yake?"

Na ce da gaske ne, ƙofa ce kawai tsakaninsa da gado.

Ta riƙe haɓa ta ɗan yi tunani.

"Ƙazanta," ta ce, ta ci gaba da tsinke zogalenta.