Tsakuwar Takalmin Baba Na-Baya

Kowace safiya, kafin masu ziyara su gama ɗaure kayansu a masaukin gindin dutse, Baba Na-Baya ya riga ya zauna kan benci a bakin ƙofa yana kallon ƙafafunsu. Idan ya ga sabon takalmi sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan kafin azahar zai cinye maka dunduniya." Sai ya ciro tsumma mai laushi daga jakarsa ya miƙa. Kowa ya kama hanya. Shi kuwa sai mutum na ƙarshe ya fita, sannan ya ɗauki sandarsa da gorar ruwa biyu ya bi baya.

Aikinsa ke nan shekara talatin da ɗaya. Daga masaukin zuwa wurin ziyara da ke saman duwatsu tafiyar yini guda ce cur, ta cikin gonaki da ƙananan ƙauyuka, hawa ya fi gangara yawa. Masu kula da hanyar sun ɗauke shi ne don kada a bar kowa a baya. Hotunan da ake ɗauka a ƙofar wurin ziyara babu shi a ko ɗaya, domin kafin ya iso an watse.

Ba a taɓa jin ya ce wa wani "yi sauri" ba. Idan ya ga na gabansa yana jan ƙafa, kunya kuma ta hana shi tsayawa, sai ya ce, "Don Allah dakata mini, tsakuwa ta shiga takalmina." Ya zauna ya cire takalmin, ya yi ta kakkaɓewa har mutumin ya mayar da numfashi. Mai shayin da ke rabin hanya takan tsokane shi: "Baba, shekara talatin tsakuwar nan ba ta fita ba?"

Ita ce ta ba da labarin wata tsohuwa da ta zo shekara huɗu da suka wuce tare da ɗanta, direban babbar mota. Ita da mijinta sun yi alkawarin yin wannan tafiya da ƙafa, sai ya rasu kafin lokaci ya yi. Ta ce ita za ta cika. Da suka iso rumfar shayi, ƙafafunta sun kumbura, sauran mutane sun daɗe da wucewa. Daga rumfar nan mota ba ta iya ci gaba, kuma duk wanda bai haye ƙaramar gadar da ke can gaba ba kafin la'asar sai ya juya, don gajimare yakan sauko ya rufe hanya.

"Inna, ki yi haƙuri in samo mota mu koma," in ji ɗan. "Allah ya ga niyyarki."

"Ya gani mana. Ni ce ban ga wurin ba."

"Baba, ka yi mata magana, ko za ta ji taka."

Baba ya dubi rana, ya dubi ƙafar, ya ce, "Za mu haye. Kawo ruwa ka wanke mata, ka naɗa wannan tsumma." Da suka tashi, direban ya shige gaba, yana taku goma yana waiwayowa. Baba ya kira shi. "Kai, direba, ba mota kake ja ba. Waiwayen nan naka shi ke gajiyar da ita. Dawo bayanta." Ya ba ta sandarsa, ya ɗauki ƙunshinta.

Ranar sau tara tsakuwa ta shiga takalminsa. Sun haye gadar, gajimare yana taɓa musu kai, suka isa kafin rana ta faɗi. Tsohuwar ta dafa ƙofar wurin ziyara, ta ambaci sunan mijinta. Can ta juyo ta ce, "Malam, na fa duba. Takalminka ko yashi babu."

"To Inna, ki rufa mini asiri."

Baba, kai ne wanda ya san bayan kowa fiye da fuskarsa. Kai ne ka ɗauki kayan da ba naka ba, ka bar wa mutane mutuncinsu. Da yawa suna alfahari yau cewa sun hau dutsen nan da ƙafarsu, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai sun manta wanda ya riƙa tsayar da su suna hutawa.

Makon jiya ya ajiye aiki, gwiwoyinsa sun gaza. Ya ce zai yi hawa ɗaya na bankwana. Ya bi bayan kowa kamar kullum, amma wannan karon tazarar ta yi ta ƙaruwa, kuma babu na gabansa da zai fake da shi ya huta. Bayan rumfar shayi ya fara jan ƙafa, ya ƙi tsayawa. Sai ya ji murya daga baya: "Baba, don Allah dakata mini, tsakuwa ta shiga takalmina."

Direban nan ne. Mai shayi ce ta aika masa cewa Baba zai yi hawan bankwana, ya ajiye motarsa ya zo. Baba ya harare shi ya ce, "Maƙaryaci." Sannan ya zauna.

Mun gode, Baba. Allah ya hutar da gwiwoyinka, ya saka maka da alheri. Mu kuma da ke da sauran ƙarfi, duk inda muka ga wani yana jan ƙafa, mu koma bayansa mu cire takalminmu.